Matar da ke roƙon yara yawu

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakinta, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin cire haƙori. Ta duba firij, ta jera 'yan kwalabe, sannan ta ture kujera gefe ta zauna a ƙasa. Shekara ashirin da shida tana haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Yara na kiran ta Anti Tofa, don aikinta ke nan: ta lallashi ɗan shekara uku, wanda ya sha faɗa a gida kan tofar da yawu, ya tofa mata a kwalba. A cikin yawun likitoci ke auna garkuwar jiki, suna neman abin da ke sa haƙoran wani yaro ruɓewa tun bai iya magana ba, na wani kuwa tas. Takardun bincike sun fita da yawa, ban ga sunanta a ko ɗaya ba.

Ƙanwata ce silar sanin ta. Haƙoran ɗanta na gaba sun yi baƙi, surukarta ta ce sakaci ne, za ta ɗauke yaron ta riƙe. Ranar da aka ce a kai shi wurin Anti Tofa bai ci komai ba, bai wanke baki ba, kunya ta sa ƙanwata ta dirje masa baki da buroshi a ƙofar asibiti. Anti Tofa ta ji ƙamshin man, ta mayar da kwalbar.

"Kin wanke min abin da nake nema, 'yata. Gobe ki kawo shi yadda ya tashi. Nan ba a jin kunyar haƙori."

Washegari har da ni da surukar. Tsohuwa ba ta ko zauna ba ta ce, "Ki gaya mata gaskiya, ba ta iya reno ba."

Anti Tofa ta ce, "Mama, zaƙi na da laifi, barci da madara a baki na da laifi. Amma na ga yaran da ake goge wa baki safe da yamma haƙori ya ruɓe. Jikin kowa da irin tsaronsa, mu ma ba mu gama ganewa ba."

Sai ta tambayi yaron wa ke ba shi alawa. Ya ɗaga yatsa zai nuna jakar kakarsa. Na gani da idona, Anti ta kama yatsan ta damƙa masa kwalba, kamar ba ta lura ba.

"Mama, ki taimake ni. Kullum da safe ki leƙa gidansu ki ga an goge masa. Ke yake jin maganarki."

Tsohuwa ta matse jaka a hammata. Ba ta sake zancen ɗauke shi ba.

Ke ce, Anti, mai zama a ƙasa don yaro ya ga idonki. Da ni ne da na bar yatsan nan ya isa inda za shi, gida ya rabu biyu. Har yau ina jin kunyar hakan.

Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu shigowa aikin, ku koyi aunawa, ku kuma koyi kallon wadda ta riƙo hannun yaron. Namu yana aji biyu yanzu, sababbin haƙora sun fito, kuma a ɗakin uwarsa yake kwana.