Ramin Baba Nomau

Ban taɓa mantawa da ranar ba. Ƙarfe goma na safe lamarin ya fara lalacewa, daidai lokacin da aka aike ni ɗauko hoton ƙugun majinyaci. Ina ɗalibar aikin jinya a wani asibiti a Isa, shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Ba ni da yawan magana, sai karatu.

Majinyacin, Baba Nomau, Bagobiri ne daga Unguwar Lalle. An taɓa sa masa kwatangwalon ƙarfe, aka hana shi aikin ƙarfi, shi kuwa ya yi ta shuka tana ƙonewa yana sakewa. Ƙarfen ya saki, ya ci ƙashin ƙugu har ya bar rami. Gyaran shi ne a cire tsohon, a cike ramin da ƙashin da ake adanawa a asibiti, a kafa sabo. In ba a yi ba, shi da tafiya har abada. Likitocin Sakkwato sun ba shi gurbi a makon.

Likitanmu Bayarabe ne mai alfahari da Hausarsa, don haka bai jira ni in yi tafinta ba, ya yi wa Baba bayanin aikin da kansa. Ina dawowa na tarar Baba ya sa an fitar da shi, wai gida za shi. Likita ya ce ya yi bayani tsaf. Sista ta ce tsoron wuƙa ne. Na iske tsohon ƙarƙashin darbejiya yana jiran ɗan kabu-kabu, na durƙusa.

"Baba, mi ya faru?"

"Ɗiyata, ƙarfe na yarda, wuƙa na yarda. Amma bawan ga ya dube ni yac ce za a cika min rami da kashi. Kashin wani ma, wanda anka aje cikin firij! Wasan Gobir da Yarbawa bai kai nan ba."

Na ciji mayafina don kada in yi dariya, har haƙori ya fito.

"Ƙashi yake nufi, Baba. Harshensa ne ba ya ɗaukar ƙa."

Tun ranar ba na barin likita da majinyaci su kaɗai a kan harafi mai ƙugiya.

Baba ya shafa ƙugu. Na ce, "To, za ka Sakkwato?"

"Za ni. Amma hwaɗa musu su duba da kyau. In ƙashin Bayarabe na, su bar min ramina."