Tsingaron Kufai

Inna ba ta ba da labarin wuri a gida. Ko ka yi magiya har muryarka ta dushe, sai ta ce mai son labarin kufai ya tashi ya bi ta. Kufan nan tsohon garinmu ne da kakanni suka bari, can bayan gonaki ta wajen 'Yargalma, a ƙasar Bukkuyum. Abin da ya rage a cikinsa kukoki ne biyu, da rijiyar da ta cike, da ramukan marina.

In mun isa sai ta duƙa, ta tona ƙasa da yatsa, ta zaro tsingaro, ta sa maka a tafin hannu, ta dunƙule maka yatsu a kai. Sannan bakinta zai buɗe. Mai kauri baƙi na tukunyar tuwo ne, daga nan za ka ji wa ya girka, wa ya yi rowa. Ja siriri na tulu ne, shi ke jawo labarin shekarar da rijiya ta ƙafe. Muddin yana hannunka tana magana. Ka yar, ta yi shiru. Ni kuwa ba ni da natsuwa. Wata rana ƙadangare ya gifta na zabura na saki nawa, labarin wani marini da ya rina gemunsa ya tsaya a tsakiya. Na yi kuka, na yi fushi, ko a jikinta.

Bayan aure ya kai ni Gummi na fara koyarwa, na taɓa raka ɗalibai gidan tarihi. Komai na cikin gilashi, mai bayani yana zuba kamar karatun allo, yana ta cewa kada a taɓa. Haushi ya cika ni, kewar Inna ta kama ni a tsaye.

Sai zinari ya zo. Masu haƙa suka kafa injin niƙa dutse a inuwar kukokin, suna wanki a ramukan marina. Gubar dalma ta bi ƙura ta shiga gidaje, ta ɗauki yara da yawa. Ma'aikatan lafiya suka kankare ƙasar tsakar gidaje, suka gargaɗe mu kada yaro ya yi wasa inda aka niƙa dutse. Kufai ba a kankare shi ba, tunda ba mai kwana a can.

Lokacin Inna ta fara rikita sunayen jikokinta. Tsoro ya kama ni kada labaran su tafi da ita, sai na ɗauko ɗiyata, tana 'yar ƙarama, na ce mu je ko tsayuwa mu yi. Inna ta dogara sanda muka tafi. A bakin marina ta duƙa da ƙyar ta zaro tsingaro mai shuɗin baba. Yarinyar ta miƙa hannu. Inna ta daɗe tana duban ɗan tafin nan, ita da ta yi wa yaran maƙwabta wankan ƙarshe. Sai ta mayar da tsingaron inda ta ɗauko, ta goge yatsunta a zane.

Na roƙe ta ta faɗa da baki kawai.

Ta ce, “Ba ya zowa hakanan, ɗiyata. In babu shi hannu, ban san inda ni ka somawa ba. Mu tahi gida ki wanke mata ƙahwahu.”

Ba mu sake komawa ba har Allah ya karɓi ran Inna. Yanzu in yarinyar ta tambaye ni kufai, ina ba ta abin da na riƙe, a ɗaki. Sai in ga na kama hannunta na dunƙule mata yatsu, ba komai a ciki. Kullum tana tambaya yadda marinin nan ya ƙare da gemunsa, ni kuma ban sani ba.