Geron Baba Ummaru da Ruwan Teku

Har gobe ban manta da ranar da shugabanmu ya tara mu, mu malaman gona, a ofishinmu na Bodinga ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara. Lokacin ina ƙaramin jami'i, Danchadi ce yankina, aikina in kai wa manoma shawara a kan babur.

Shugaban ya ce masu hasashen yanayi sun aiko da gargaɗi. Ashe tekun da ke kudu da Legas ba a tsaye yake ba, akwai ruwa mai gudu a cikinsa kamar gulbi. Kowace shekara ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasa ya mamaye sama, sai iska mai laima ta baro sanyin ta nufo ƙasarmu mai zafi, ta kawo mana damina. To a shekarar ruwan sanyin ya makara, hadari zai daɗe yana zuba a bakin teku. Ruwan farko zai sauka, sannan ya ɗauke.

Na ce, “Ranka ya daɗe, in je Danchadi in ce teku ya hana shuka? Ai sai su jefe ni.”

Ya ce, “Je ka faɗa. Naka faɗa ne.”

Na faɗa a dandali, aka kuwa yi mini dariya har da tafawa. Wani ya ce, “Malam, tekun ga naka, ta Shagari za shi biyo ko ta Dingyadi?”

Mutum ɗaya bai yi dariya ba, Baba Ummaru, dattijon da ke da wani gero mai doguwar zangarniya da ya gada tun daga kakansa. Furarsa, wallahi, ko ba nono sai ka siɗe ludayi. Ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, ban taɓa ganin teku ba, amma ban san ka da ƙarya ba. Mi za ni yi?”

Na ce ya shuka rabin irin, ya ɓoye rabi a rumbu. Ya yi hakan. Na koma Bodinga ina murna, ko ba komai na tsirar da mutum ɗaya.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe sharaf, gari ya fita da sungumi. Abin da ban lissafa ba shi ne, a wurinmu ba a hana maƙwabci iri. Masu ƙarancin iri suka ji Baba Ummaru yana da saura, suka yi ta sallama. Ya gaya musu abin da na ce, suka ce Allah ne mai ruwa. Yaya zai yi? Ya buɗe rumbu ya auna wa kowa.

Sai ruwa ya ɗauke ɗif. Tsiro ya fito, ya yi yaushi, ya ƙone. Da damina ta dawo sosai, irin kasuwa kowa ya sayo ya sake shuka. An sami abinci, ba a yi yunwa ba. Amma geron nan ya tafi ke nan. Na bi ƙauyuka har Shagari ina tambaya, ban samu ko zangarniya ɗaya ba.

Da na je wa Baba Ummaru jaje, ban iya kallon idonsa ba don tausayi. Na ce, “Haba Baba, da ka rage ko tiya ɗaya!”

Ya ce, “Ɗana, mutum shi zo ƙofata da ƙwarya, ƙasa na jiƙe, in ce mishi babu, ga shi akwai? Kakana bai bar min wannan ba.”

Abin da na koya ke nan. A aikinmu, in ka shawo kan mutum ɗaya ka bar gari, ba ka yi komai ba, don rumbunsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Baba Ummaru ya rasu yana shan furar geron kasuwa, ban taɓa jin ya ce ta yi daɗi ba.