Shekara Bakwai da Rasuwar Ba Modu, Mai Duba Mana Hotuna

Shekara bakwai ke nan da muka raka Ba Modu makwancinsa. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, kuma babu laifinsu. Bai taɓa riƙe muƙami ba, sunansa bai taɓa fitowa a jarida ba sai yau. Mai sayar da huluna ne a Kasuwar Kwastam, Babarbare ɗan Limanti, wanda yake ɗaukar hoto don sha'awa. Ni kuwa malamin sakandare ne, iyayena Kanawa ne da fatauci ya zaunar a Maiduguri, a nan aka haife ni. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Kyamara ce ta haɗa mu, zaman da muke yi a zaurensa duk Asabar bayan la'asar kuma shi ya riƙe mu tare.

Ba mu taɓa wuce mutum takwas ba a zaman nan, kuma babu wanda yake cin abinci da hoto a cikinmu. Kowa zai zo da hotunansa, kada su wuce uku, kuma dole wankakku a takarda, don Ba Modu ba ya duba hoto a ɗan gilashin bayan kyamara. Za a shimfiɗa su a tabarma. Mai hoto ba ya magana sai kowa ya faɗi nasa. Shi Ba Modu yakan daɗe yana kallo, har shayi ya huce, sannan ya yi tambayar da ya saba, da Hausarsa ta Barebari da ke mayar da mace namiji: "Me ka so mu gani a nan?" Ko Yagana yake tambaya, wata malamar koyar da ɗinki da ita kaɗai ce mace a cikinmu, "ka" ɗin nan ba ta canzawa.

Bayan ya ji amsa zai faɗi abin da ya yi kyau, ya kuma faɗi dalili. Daga nan sai laifi, guda ɗaya tak. Yakan ce idan ka lissafa wa mutum laifi biyar ba zai gyara ko ɗaya ba, zai koma gida ne yana ƙirga su.

Hoton da na fara kaiwa na wani masunci ne a bakin kogi, kusa da unguwarmu Galtimari, rana tana shirin faɗuwa. Na yi kwana uku ina nuna wa mutanen gida, kowa yana yabawa. Ba Modu ya ce hasken da ya sauka a kan kafaɗar mutumin ya yi, kuma na yi haƙurin jira har ya ɗaga taru. Sai ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa.

"Wannan ledar ta wane ne?"

Baƙar leda ce a kan yashi, rabinta a cikin hoton. Wallahi ban taɓa lura da ita ba sai lokacin, kuma daga lokacin ban ƙara ganin komai a hoton ba sai ita. Na ce ai ba ni na yar da ita ba. Ya ce, "Kyamara ba ta da kara, Malam Nasiru. Duk abin da ka bari a gabanta kwasowa za ta yi. Tsakiya kowa yana gani. Kai duba gefe." Na yi Asabar biyu ban je ba. A ta uku na koma, don na gane gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba kowa ne ya koma ba, kuma ba zan ɓoye wannan don mutumin ya rasu ba. Akwai wani Alhaji da ya sayo kyamara mai tsada daga Saudiyya, ya kawo hotunan dawakinsa. Ba Modu ya kalla, ya ce, "Kyamarar ta yi nata, saura kai." Muka fashe da dariya. Alhajin ya tattara hotunansa cikin mutunci, ya yi sallama, ba mu sake ganin ƙafarsa a Limanti ba. Na ji daga baya cewa ya ba ɗansa kyamarar. Magana zarar bunu ce. Ba Modu ya bi shi har gida ya ba shi haƙuri, an yafe, amma mutumin bai sake ɗaukar hoto ba. Tun daga ranar aka hana raha da hoton wani a zauren, kuma wanda ya kafa dokar shi ne wanda ya fara karya ta kafin a kafa.

Yau irin wannan zama ya koma cikin waya. Muna da zaure a can, mun haura ɗari, yawancinsu matasa da ban taɓa gani ido da ido ba. Mutum zai turo hoto goma a lokaci guda, kafin ka buɗe na uku an jera masa "Masha Allah" da alamar ɗaga yatsa sun fi ashirin. Idan kuma wani ya tashi suka, sai ya yi ta kamar da ma yana da jiƙaƙƙiya da mai hoton. Tsakanin waɗannan biyun babu kowa. Nakan tambayi kaina me Ba Modu zai ce. Ba na jin zai ƙi wayar, don ba ya cikin masu kukan zamanin da. Zai yi murnar cewa yarinya a Galtimari tana iya ɗaukar hoto ba tare da ta nemi kuɗin wanki ba. Abin da nake zaton zai ɗaure masa kai shi ne yadda ake yanke wa hoto hukunci kafin a kalle shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in dai an ba shi lokaci.

Mun ci gaba da zama a zauren Ba Modu har a shekarun da riƙe kyamara a titin garin nan kan jawo wa mutum tambayoyin da ba shi da amsarsu. Duk wanda ya zauna Maiduguri a lokacin ya san abin da nake nufi. Sai muka koma ɗaukar abin da ke cikin gida: tulu a gindin darbejiya, hayaƙin turaren wuta, ƙafar jariri. A lokacin ne Yagana ta fara kawo hotunan hannayen mata da lalle, Ba Modu kuma ya faɗa a gaban kowa cewa ta wuce mu duka, har da shi. Yabon gwani ya zama dole, amma ba kowane dattijo ne zai yi shi a zaurensa ba.

Shi ma yana sa nasa hotunan a tabarma kamar kowa, muna faɗin abin da muka gani. Sai aka zo wata shekara hotunansa suka fara lalacewa. Mutumin da ya koya mana duban gefe ya fara kawo hoto da rabin kan wani a kusurwa, ko tayar keke ta leƙo daga hagu, ko an datse wa mutum gwiwar hannu. Da farko mun ɗauka gwada mu yake yi. Da abin ya yi ta maimaituwa sai muka yi shiru. Wannan ya ce hasken ya yi, wancan ya ce launin ya fito, a wuce zuwa na gaba. Babu wanda ya shirya da wani. Kunya ce kawai ta ɗaure bakin mutum bakwai a lokaci guda, muka kira ta girmamawa.

Yagana ce ta tare ni a ƙofar gida wata Asabar. Ta ce, "Malam Nasiru, abin da muke yi wa Baba ba daidai ba ne. Ni ba zan iya ba, a matsayin uba yake a wurina. Kai yake ji." Na ce zan yi. Na ƙara mako biyu ina neman ranar da ta dace, kamar akwai irinta.

Na same shi a rumfarsa da hantsi, yana jera huluna a kan katako. Muka gaisa, ya tura mini kujera. Na yi ta kewaye-kewaye a kan zafi da tsadar kaya, har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni, don malamin makaranta ba ya zuwa kasuwa ranar Talata a banza.

"Ba Modu, hoton matar nan mai sayar da kifi da ka kawo."

"Kun ce ya yi."

"Bai yi ba. Ka yanke mata hannu, kuma akwai rabin mutum a hagu."

Ya jawo jakarsa ya fito da hoton. Ya kalli tsakiyarsa, sannan na ga yana juya kansa gaba ɗaya, a hankali, yana neman gefen da na faɗa, kamar mai neman allura a ƙasa. Da ya same shi ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan kaɗai ne?"

"Tun kafin azumi haka suke."

"Wata biyar ke nan." Ya ajiye hoton. "Shekara nawa ina ara muku idona? Ranar da na buƙaci aron naku sai kuka rufe."

Can ya gaya mini cewa ya daɗe yana buge ƙofa da kafaɗa, yana ture huluna da gwiwar hannu, yana ɗora wa iyalinsa laifin canza wa kaya wuri. Bai taɓa kawo ido a ransa ba, tunda yana karanta Alƙur'ani ba tare da tabarau ba. Da na tashi tafiya ya ce, "Kuma ka karya ƙa'ida. Ba ka fara da abin da ya yi kyau ba." Na ce kifin ya fito sosai. Ya ce to, Allah ya yi wa kifi albarka.

A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe yana shigowa tsakiya. Na hagu ya kusa tafiya, na dama aka tare shi da maganin ɗigawa. Likitan ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma ciwon ya yi shekaru yana aikinsa. Ban san ko wata biyar ɗin da muka yi shiru sun rage masa wani abu ba. Ban tambaya ba, likitan ma bai faɗa ba. Ba na fakewa da hakan, ba na kuma dukan kaina da shi. Abin da na sani shi ne mun gani, kuma ba mu faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, mu kuwa muka taya shi ɓoyewa alhali shi bai ma san yana ɓoye komai ba.

Ya ajiye kyamara daga nan, amma bai rufe zaure ba. Shekara biyu da suka rage masa yakan sa mai hoto ya zauna kusa da shi ya karanta masa hoton da baki, daga kusurwa zuwa kusurwa. Sau da yawa mutum zai tsaya a tsakiyar bayani ya ce, "Af!" don ya ci karo da laifinsa da kansa. Ba Modu sai ya gyaɗa kai, ya ce a kawo na gaba. Ya rasu da damina bayan gajeriyar jinya. Zaman ya yi wata shida bayansa a gidana, sannan ya mutu a hankali, yadda irin waɗannan abubuwa suke mutuwa, ba tare da kowa ya ce an daina ba.

Ambaliyar da ta ci garin nan ta tafi da yawancin hotunansa, don a kwali suke a ƙarƙashin gado. Kwanakin baya 'yarsa Falmata, wadda yanzu take da 'ya'ya uku, ta kawo mini waɗanda suka tsira, ba su kai talatin ba, wasu ruwa ya ci gefensu. Tana so in zaɓa mata waɗanda za ta sa a gilashi ta rataya. Na shimfiɗa su, na daɗe a kansu, na ware huɗu. Ta dubi huɗun, ta dubi sauran.

"Baffa, ka gaya mini tsakani da Allah. Baba gwani ne?"

Da na ce mata gwani ne da babu wanda zai ƙaryata ni, kuma da ta tafi gida da farin ciki. Na ce mata yana da haƙurin jiran haske fiye da duk wanda na sani, kuma waɗannan huɗun za su iya zama a kowane bango. Sauran kuwa hotuna ne na mutum mai son abin, irin namu. A ɗaukar hoto matsakaici ne. Inda ya yi fice shi ne a kallon na wasu, kuma wannan ba a rataya shi a bango. Yana wurin Yagana, da ke sa ɗalibanta su duba ɗinkinsu da kansu kafin ta ce uffan. Yana wurina idan na riƙe jan biro a kan takardar yaro na tsaya neman abin da ya yi daidai. Ko zai wuce mu zuwa wasu, wannan ban sani ba, kuma ba zan yi alkawarin abin da ban sani ba a madadin mamaci.

Na fara tunanin ko na sake yin abin da ba a so. Sai Falmata ta tattara hotunan duka, huɗun a sama, ta ce, "Haka Mama ta ce. Na ɗauka don ta gaji da share masa kwalaye ne."

Allah ya yafe masa kurakuransa, na tsakiya da na gefe, ya haskaka kabarinsa.