Ranar da Gulbi Ya Tafi da Gidanmu

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da wata safiya a damina ta biyu bayan aurena, ranar da gulbi ya ɗauki gidanmu ya tafi da shi, ni da ɗiyata muna ciki.

Ni 'yar manoma ce daga wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, aure ya kai ni Gummi. Maigidana masunci ne, ranar kasuwa kuma yana fito, wato ƙetarar da mutane gulbi a kwalekwale. Gidansu ya cika har ba wurin ƙara ɗaki. A shekarun nan ne kuɗin zinariya suka shigo ƙasarmu, masu haƙa suka riƙa sayen filaye yadda suka ga dama, har fili ya fi ƙarfin irinmu. Abokansa suka yi ta cewa ya bi su daji haƙar zinariya, ya ƙi, don ya ga yadda gubar dalma ta ci yara a ƙauyukan da ake niƙan dutse cikin gida. Sai ya sayi wani tsohon jirgi dogo siriri da ake ɗaukar albasa da shi, ya toshe inda yake yoyo, ya kafa masa rumfar zana, ya rufe da leda. Ya ce mu zauna nan kafin Allah ya hore.

Ranar da Inna, mahaifiyata, ta zo ganin ɗakina, ta daɗe tsaye a gaɓa tana kallonsa. Ta ce, "Wanga shi na ɗakin?" Na ce shi ne. Ba ta yarda ta shiga ba. Amma gaskiya na ji daɗin zaman. Akwai iska, ba rigimar maƙwabta, kifi kuwa sai wanda na zaɓa. Da rani ma jirgin a kan yashi yake zaune kamar kowane ɗaki.

A ranar da nake ba ku labari, sama fes take, ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Ashe can gabas an kwana ana ruwa. Maigida ya kai kifi kasuwa tun da sassafe, ya bar jirgin ɗaure a turke. Ina dama koko, ɗiyata mai wata bakwai tana kwance a tabarma, sai na ji jirgin ya yi wani motsi da ban saba ji ba. Na leƙa. Ruwan ya koma ja, yana tafe da karan dawa da rassan itace, yashin da na wanke kwanoni a kai ɗazu ya ɓace. Kafin in yanke shawarar ɗaukar yarinyar in fita, ƙasar da ke riƙe da turken ta zabge. Ina gani ya tumɓuke, ya biyo mu yana iyo a ƙarshen igiya.

Ban iya iyo ba. Ban taɓa tuƙa jirgi ba. Shekara guda da rabi ina kwana a cikin jirgi, amma ban taɓa riƙe filafilin tuƙi ba sai in zan gusar da shi in yi shara. Yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni.

Abin da na fara yi shi ne goya ɗiyata, na ɗaure majanyi har tana kuka. Jirgin ya juya a gicciye, murhun da ke cikin kasko ya kife, zana ta fara hayaƙi. Na sheƙa wa zanar tukunyar kokon gaba ɗaya. Ina ta kiran sunan Allah, gaɓa kuwa tana ƙara nisa. Wasu mata masu wanki suka miƙe suna salati, amma ba abin da za su iya.

Sai na ji murya daga gaɓa. Wani tsohon Basarke ne, cikin masuntan da suka gaji ruwa kaka da kakanni, wanda maigidana ke kira Baba. Yana gyaran komar kamun kifi ya hango mu. Ya yar da ita ya bi gaɓa da gudu irin na tsofaffi.

"Ɗiyata, zamna ƙasa. Kak ki tsaya tsaye."

Na zauna.

"Koma baya ki ɗauki hilahili. Sa shi hannun dama, ki danne, kak ki tuƙa."

Na ce, "Baba, ban iya ba."

Ya ce, "Na sani. Danne dai."

Na danne da duk ƙarfina. Ruwan ya nemi fizge shi daga hannuna, na tokare da ƙafa. A hankali hancin jirgin ya miƙe ya bi ruwa. Nan ne na ga abin da ya sa tsohon yake gudu. A gabanmu gulbin ya yi kwana, kuma wata babbar bishiyar giyayya ta faɗi ta kwanta cikin ruwa, rassanta a waje. In muka buge ta a gicciye, kifewa za mu yi.

"Ki nuhe ta da hanci," in ji shi, yana haki. "In kun shiga rassa, kwanta bisa cikinki, ki kama reshe. Kome ya tahi, bar shi ya tahi."

Ban san yadda aka yi ba, na dai ji ƙara, rumfar ta yage ta wuce ta kaina. Kwanonina na aure, buhun gero, akwatin tufafinmu, duk na ga suna bin ruwa. Na rungume wani reshe, ɓawonsa yana yankar hannuna, ruwa yana shigowa har cinyata. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yarinyar ta yi shiru. Ba ni da hannun da zan taɓa ta, sai na riƙa girgiza bayana har ta tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kuka kamar wannan ba.

Tsohon ya bi gangar itacen da rarrafe, igiya ɗaure a ƙugunsa, wasu manoma biyu da suka taho daga gona suna riƙe da ɗaya bakin. Ya kwance goyon ya miƙa musu, sannan ya dawo kaina. Sai da ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga reshen, don sun ƙi sakewa.

Maigida ya iso ba takalmi a ƙafarsa. Ya karɓi ɗiyarsa ya zauna a cikin laka. Sai ya ce laifinsa ne, gobe zai sayar da jirgin. Tsohon ya ce, "Jirgi bai yi laihi ba. Kai ka aje mutum bisa ruwa ba ka koya mai ruwa ba."

Sauran daminar a wani ɗaki na gidan tsohon muka ƙarasa ta. Da ruwa ya janye muka gyara jirgin muka koma, duk da Inna ta yi fushi. Matar tsohon ce ta koya mini iyo, shi kuma maigida ya koya mini tuƙi da gane ruwa tun kafin ya iso. Sai bayan shekara uku muka samu filinmu muka yi ɗaki biyu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kunya ba ne mutum ya zauna inda ƙarfinsa ya kai shi, ko da a kan ruwa ne. Amma duk inda ka sa kanka, ka san halin wurin da kanka, kada ka bar sanin a hannun wani, don wata rana zai tafi kasuwa ya bar ka kai kaɗai.