Wasiƙar da Na Buga wa Hatimi Bayan Shekara Arba'in

Har gobe ban manta da Talatar da hannuna ya riga hankalina ba. Lokacin saura mini wata huɗu in yi ritaya daga gidan waya a nan Abuja, fayil ɗina fes, ko takardar tuhuma ɗaya babu. Wayar salula ta cinye mana kasuwa, muna zaune muna korar ƙuda, sai shugaban sashenmu, Oga Bitrus, ya shirya baje kolin tsofaffin kan sarki.

Wani tsohon malamin makaranta daga Ushafa, Baba Danjuma, ya ba mu aron gwangwani biyu cike da kan sarkin Ingila da ya tara sa'ad da yake karatu can. Sharaɗinsa ɗaya: a mayar masa da kayansa yadda ya kawo su. Oga ya sa hannu a kan haka, ni aka ba aikin.

Ga yadda ake yi. Ba a taɓawa da yatsa, da hantsaki ake ɗauka. Na Ingila ba sa ɗauke da sunan ƙasa, sai kan mai sarauta, don haka na ware mai gemu gefe, marasa gemu gefe, Sarauniya da tulinta. Kowanne in ba shi lamba, in rubuta launi da ko an buga masa hatimi. Shafin rajista ya cika, in buga masa hatimin kwanan wata. Nan gizo ke saƙar, domin hatimin na kusa da hannun damana.

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Shekara talatin ina kantar karɓar wasiƙu, kuma babban abin kunya a wurinmu shi ne kan sarki ya wuce ka ba a buga ba. A ƙasan gwangwani na biyu na ci karo da wani ambulan a liƙe, ga adireshi, ga Sarauniya tana kallon gefe, tsaf, ba ɗigon tawada. Kafin in yi tunani na ji dam. Na ɗaga hatimi, ga Abuja da kwanan watan ranar a kan kuncin Sarauniya.

Gumi ya karyo mini. Oga ya zo ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce wanda ba a buga ba shi ne mai daraja, kuma na kashe shi. "Malam Sabo, gobe da safe takardar tuhuma, sai dai in mai kaya ya yafe."

Washegari Baba Danjuma ya zo. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗi gaskiya. Ya riƙe ambulan ɗin yana jujjuya shi, ni kuwa ina ganin fayil ɗina na ci da wuta. Can kafaɗunsa suka fara rawa, ashe dariya yake. Ya ce shi ya rubuta wasiƙar da ke ciki, zuwa ga wata yarinya Ladi, yana neman aurenta. Ya liƙa kan sarki, ya je har bakin akwatin wasiƙu, tsoro ya hana shi jefawa. Da ya dawo iyaye suka haɗa su aure, amma har yau gorin da take masa ke nan, wai shekara uku a Turai ko layi ɗaya bai rubuto mata ba.

"Wasiƙa in an buga mata hatimi, mece ce dokarku?"

Na ce dole a kai ta.

"To ka kai. Ni har yanzu tsoro nake ji."

Oga ya ba ni babur ɗin ofis. Na tarar da Mama Ladi a tsakar gida tana gyaran bakin tukunya, hannu duk yumɓu. Ta wanke, ta sa hannu a littafina, ta karanta sau biyu a tsaye. Idonta ya ciko, nawa ma haka. Sannan ta harari mijinta da ya biyo bayana ya raɓe a bakin ƙofa.

"Gaya wa mai wasiƙa zan yi shawara. Ya jira amsa ta gidan waya."

Ba a ba ni takardar tuhuma ba. A rajista, gaban lamba ta ƙarshe, na rubuta: an kai. Abin da na koya shi ne kan sarki ba don gwangwani aka yi shi ba. Mu ma'aikatan waya mukan makara, wannan kam ba musu, amma mukan isa. Amsar Mama Ladi kuwa ta biyo ta kantata bayan mako biyu, ni na buga mata hatimi, da gangan.