Ke Ba Baƙuwa Ba Ce

Ɗana na fari ya auri 'yar Gana a can inda yake aiki, ya kawo mini ita Damagaram hutu. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ni kuma Ingilishina na lakwal, makarantar boko, ya daɗe da yin tsatsa. Ga kunyar ɗan fari, ga ta suruka. In ta ɗauki tsintsiya in karɓe, in ta nufi murhu in kora ta inuwa. A wurina girmamawa ce. Sai da ta daina fitowa tsakar gida na gane yadda ta ɗauki abin.

Na je wurin maƙwabcinmu, mushe ne, wato malami, yana koyar da Ingilishi a sakandaren da muke kira lise, na ce ya koya mini magana ɗaya tak: ke ba baƙuwa ba ce a gidan nan.

Ya ce, "Hajiya, iri biyu ne. Ko you're not a stranger, ko you aren't a stranger."

"Wanne ne na mutunci?"

"Duk ɗaya ne."

"Mushe, kar ka raina mini hankali. Turawa ba sa ajiye abu biyu a banza. Ba ga tu da vous a Faransanci ba, ɗaya na tsara, ɗaya na manya?"

Ya rantse, ban yarda ba. Ni da na tsufa ina gyara wa yaran lakwal tu da vous, ba za a sa ni in yi wa surukata gatsali ba. Na yi ta juya su a baki. Na farkon ya yi mini kaifi, wannan not ɗin kamar ana tsawata wa akuya. Na biyun kuwa harshena ya ƙi shi. Kullum sai in ce gobe.

Ranar tafiya, a tasha, ta durƙusa ta riƙe hannuna. Na buɗe baki, duka biyun suka taso tare suka tokare ni. Abin da ya fita kawai, "Allah ya kiyaye hanya."

Daga baya na faɗa mata a waya, duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi godiya cikin ladabi. Har yau abin yana ci mini rai, don jikokina a waya kawai na san su. Duk shekara uban shi kaɗai yake zuwa. Bara na ajiye kunya na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ta ce ba ta son ta sake takura miki a gidanki."